Buƙatun Inshora ga Mai Sashe a Benen Haɗaka

1.0 Gabatarwa

A biranen Amurka akwai wani tsarin mallakar muhalli da ake kira kondominiyam, wanda mutanen ƙasar kan taƙaita su ce kondo. A wannan tsari, bene ɗaya yakan ƙunshi sassa masu yawa, kowane sashe da mai shi, sa'annan dukkan masu sassan su yi tarayya a kan sauran ginin. Sayen sashe ya fi sayen gida sukutum sauƙi a mafi yawan birane, sai dai yana tattare da wata tambaya wadda ba a cika tuna ta ba sai ranar da ɓarna ta auku. Idan bututun ruwa ya fashe a hawa na biyar, ruwan ya lalata daɓen sashen, ya zubo ya ɓata silin da kayan ɗakin maƙwabcin da ke hawa na huɗu, ya kuma gangara ya shiga ramin lif, wa zai biya? Wannan babi zai yi bayanin ire-iren inshorar da mai sashe yake buƙata. Zai nuna cewa inshorar da aka yi wa ginin gaba ɗaya ba ta wadatar da mai sashe, domin akwai giɓi tsakaninta da dukiyarsa, kuma cike wannan giɓi nauyi ne da ya rataya a wuyansa.

2.0 Ma'anar Benen Haɗaka

Kalmar kondominiyam ta samo asali ne daga harshen Latin, ma'anarta kuwa mallakar tarayya. A nan za a kira irin wannan gini da sunan benen haɗaka. Wanda ya sayi sashe a cikinsa ya mallaki abu biyu ne a lokaci guda. Na farko shi ne sashensa, wato ɗakuna da falo da kicin da banɗaki, wanda yake da ikon ya sayar ko ya jinginar ko ya bar wa magada. Na biyu shi ne wani kaso daga cikin kayan tarayya, kamar filin da ginin yake kai, da harsashi, da ginshiƙai, da rufi, da matakala, da lif, da wurin ajiye motoci.

Bahaushe ba zai sha wuyar fahimtar wannan ba idan ya dubi babban gidan gado da aka raba wa 'yan'uwa. Kowa yana da sashensa da ƙofarsa, amma zaure da rijiya da katangar waje na kowa ne, kuma in katangar ta faɗi da damina kowa zai kawo nasa. Bambancin shi ne, a benen haɗaka ba zumunci ne ya haɗa mazauna ba, takarda ce. Akwai kundin kafa ginin wanda ya fayyace iyakar kowane sashe da yawan kason kowa, akwai kuma ƙungiyar masu sassa wadda duk wanda ya sayi sashe ya zama ɗanta ko yana so ko ba ya so. Ƙungiyar ce take karɓar kuɗin wata-wata, ta yi gyare-gyare, ta tara asusun ajiya, ta kuma yi wa ginin inshora.

Ta fuskar tarihi, tsibirin Puerto Rico ya kafa dokar irin wannan mallaka a 1958. A 1961 dokar gidaje ta tarayyar Amurka ta ba hukumar gidaje damar tsaya wa masu cin bashin sayen sashe, abin da ya sa jihohi suka yi ta kafa nasu dokoki. A shekarar 1961 ɗin ne jihar New South Wales ta Ostireliya ta kafa tata dokar, Afirka ta Kudu kuma ta bi baya a 1971.

3.0 Babbar Inshora ta Ƙungiya

Inshora yarjejeniya ce tsakanin mai dukiya da kamfani, inda mai dukiya yake biyan wani adadi a kai a kai, kamfani kuma ya ɗauki alkawarin biyan diyya idan ɗaya daga cikin masifun da aka ambata a takarda ta auku. Wadda ƙungiyar masu sassa take yi ita ake kira babbar inshora. Tana ɗauke da ɓarnar da ta sami ginin da kayan tarayya, da kuma diyyar wanda ya ji rauni a wuraren tarayya, kamar baƙon da ya zame a matakala. Kuɗinta daga cikin kuɗin wata-wata yake fita, wanda ke nufin kowane mai sashe yana biyan wani ɓangare nata. Wannan ne yake sa wasu su ɗauka cewa sun riga sun tsira, alhali ba haka abin yake ba. Babbar inshora iri uku ce, gwargwadon inda ta tsaya a cikin sashe:

(a) Ta bango tsirara: wannan tana ɗaukar gangar jikin gini kawai, ta tsaya a fuskar bango da daɓe da silin kafin a yi musu ado. Duk abin da ke ciki, kama daga tayil da fenti zuwa kabad da kwanon wanke hannu, yana kan mai sashe.

(b) Ta yadda aka gina: wannan tana mayar da cikin sashe yadda magini ya miƙa shi tun farko. Idan mai sashe ya cire tayil mai araha ya sa marmara, kuɗin mai arahar za a biya, ƙarin kuwa nasa ne.

(c) Ta duka-duka: wannan tana ɗaukar cikin sashe har da gyare-gyaren da aka ƙara daga baya. Ita ce mafi faɗi, amma ko ita ba ta ɗaukar kayan ɗaki da sutura.

Wani lokaci dokar jiha ce take shata iyakar. A jihar Fulorida, alal misali, doka ta fitar da wasu abubuwa daga cikin inshorar ƙungiya ta ɗora su a kan mai sashe. Daga cikinsu akwai abin da aka lulluɓe daɓe da bango da silin da shi, da fitilu, da na'urorin kicin, da tukunyar dumama ruwa, da kabad ɗin da aka kafe, da labule. Saboda haka, ba a iya sanin yawan inshorar da mai sashe yake buƙata sai an karanta kundin kafa ginin da babbar inshora da dokar jiha.

4.0 Inshorar Mai Sashe

Inshorar da mai sashe yake saye don kansa an fi saninta a Amurka da lambar HO-6, wato lambar da masu sana'ar suka ba wannan nau'i a cikin jerin inshorar gidaje. Bankunan da ke ba da bashin sayen sashe sukan wajabta ta idan babbar inshora ba ta ɗauki cikin sashe ba. Wanda ya biya kuɗinsa lakadan ba lalle a tilasta masa ba, amma buƙatarsa ba ta ragu ba. Ta ƙunshi sassa kamar haka:

4.1 Cikin Sashe

Wannan ɓangare shi ne yake ɗora wa daga inda babbar inshora ta tsaya. Wanda gininsa yake da ta bango tsirara yana buƙatar adadi mai yawa, wanda zai isa a sake daɓe da silin da kicin da banɗaki daga farko. Wanda gininsa yake da ta duka-duka kuwa, kaɗan ya ishe shi. Abin lura a nan shi ne, ana auna adadin ne da kuɗin sake ginawa, ba da farashin sashen a kasuwa ba, domin farashin kasuwa ya haɗa da darajar unguwa, ita kuwa unguwa wuta ba ta cin ta.

4.2 Kayan Ɗaki

Kujeru da gadaje da sutura da kwamfuta da littattafai duk suna ƙarƙashin wannan. Galibi ana biya ne idan ɓarnar ta zo ta ɗaya daga cikin hanyoyin da aka lissafa, kamar gobara, da aradu, da guguwa, da hayaƙi, da sata, da fashewar bututu ba zato. Biyan ma iri biyu ne. Akwai biya da farashin kwance, inda ake cire tsufan kaya, akwai kuma biya da farashin sabo. Firjin da ya shekara takwas ana amfani da shi, idan aka biya shi da farashin kwance, abin da za a samu ba zai sayi sabo ba. Har ila yau, kayan ƙawa irin su gwal da agogo masu tsada suna da iyaka ƙarama, sai an ambace su daban an ƙara kuɗi.

4.3 Alhakin Cutar da Wani

Mazaunin bene yana da maƙwabta sama da ƙasa da dama da hagu, don haka sakacinsa bai cika tsayawa a kansa ba. Wanda ya bar famfo a buɗe ya fita, ko ya manta da tukunya a kan wuta, yana iya jawo wa sassa da dama asara. Wannan ɓangare yana biyan diyyar da aka ɗora masa tare da kuɗin lauyan da zai kare shi. Kamfanoni sukan fara daga dala 100,000, mutane da yawa kuma sukan ɗaga zuwa dala 300,000 ko fiye.

4.4 Zaman Wucin Gadi

Idan ɓarnar da inshora ta ɗauka ta sa sashe ba ya zaunuwa, wannan ɓangare yana biyan ƙarin ɗawainiyar zama a wani wuri, kamar kuɗin otal ko haya. Muhimmancinsa a benen haɗaka ya fi na gidan da ke tsaye shi kaɗai, domin mai sashe ba shi da ikon hanzarta gyaran gini. Sai ƙungiya ta zauna, kamfaninta ya tantance, an ba da kwangila. Duk tsawon wannan lokaci bashin banki da kuɗin wata-wata ba sa tsayawa.

5.0 Karo-karon Asara

Wannan shi ne ɓangaren da ya keɓanta da zaman haɗaka, kuma shi aka fi yin sakaci da shi. Kowace inshora tana da abin da za a kira kason farko, wato adadin da mai inshora zai ɗauka da kansa kafin kamfani ya fara biya. Haka kuma tana da iyakar da kamfani ba ya wucewa. Idan asara ta sami ginin, kason farko da duk abin da ya haura iyaka yana kan ƙungiya. Ita kuwa ƙungiya ba ta da wata dukiya sai ta 'ya'yanta, don haka idan asusunta bai isa ba sai ta yanka wa kowa abin da zai kawo.

Ga misali don fayyacewa. A ƙaddara bene mai sassa 50 masu kaso daidai, an yi masa inshorar dala miliyan 20. A yankunan da ake fama da mahaukaciyar guguwa, kason farko yakan zama wani kashi ne na darajar ginin. Idan kashi 5 cikin ɗari ne, ƙungiya za ta ɗauki dala miliyan 1 ke nan kafin kamfani ya biya ko kwabo. In aka raba wa sassa 50, kowa zai kawo dala 20,000, har da wanda ko tagarsa ba ta fashe ba.

Inshorar mai sashe tana da ɓangaren da ke biyan irin wannan karo-karo, amma adadin da aka saba sakawa tun asali dala 1,000 ne kacal. Dokar Fulorida ta wajabta aƙalla dala 2,000. Idan aka kwatanta waɗannan da dala 20,000 ta misalin da ya gabata, za a ga girman ramin. Ana iya ɗaga adadin da ƙarin kuɗi kaɗan, amma wajibi ne a bincika ko ƙarin ya shafi karo-karon kason farko, domin wasu kamfanoni sukan ƙayyade wannan daban.

6.0 Abubuwan da Inshora Ba Ta Ɗauka

Akwai masifun da inshorar mai sashe ta yau da kullum ta fitar. Na farko ambaliya. Ruwan da ya fito daga bututu daban yake a idon kamfani da ruwan da ya taso daga teku ko kogi. Don na biyun akwai shirin inshorar ambaliya na tarayya da aka kafa a 1968, wanda yake ɗaukar kayan ɗaki har zuwa dala 100,000, kuma galibi sai bayan kwana 30 da saye yake fara aiki. Wanda ya jira sai hadari ya haɗu ya makara. Na biyu girgizar ƙasa, wadda ake saya wa inshora daban. A Kalifoniya an kafa hukuma ta musamman don wannan a 1996. Na uku dawowar ruwan masai ko na magudana, wanda sai an ƙara shi da gangan. Haka nan wanda ya ba da sashensa haya, ko ya bar shi a rufe tsawon lokaci, ya kamata ya sanar da kamfani, domin sharuɗɗan sukan sauya.

Mafi girman abin da aka fitar shi ne tsufa. Inshora an yi ta ne don ɓarnar da ta zo ba zato, ba don rufin da ya daɗe yana yoyo ko rodin da tsatsa ta ci a hankali ba. Idan ƙungiya ta yanka karo-karo don gyaran tsohon gini, ba babbar inshora ba inshorar mai sashe da za ta biya.

7.0 Darasi Daga Surfside

Da tsakar daren 24 ga Yuni, 2021, wani ɓangare na benen Champlain Towers South da ke garin Surfside, kusa da Mayami a jihar Fulorida, ya rushe. Mutum 98 suka rasu. An kammala ginin a 1981, yana da hawa 12 da sassa 136. Tun a 2018 rahoton wani injiniya ya nuna cewa kankaren da ke ƙarƙashin farfajiyar wurin ninkaya ya lalace ƙwarai. A watan Afrilun 2021 aka amince da karo-karon kimanin dala miliyan 15 don gyara, inda kason kowane sashe ya kama daga kusan dala 80,000 zuwa sama da dala 300,000. Ginin ya faɗi kafin a kai ga babban aikin.

Bayan rushewar, sai ta bayyana cewa inshorar ƙungiyar kimanin dala miliyan 48 ce gaba ɗaya, miliyan 30 na gini, miliyan 18 na diyyar cutarwa, adadin da bai kusanci girman asarar ba. Masu sassan da suka tsira da rai sun rasa muhalli da kaya, sa'annan suka fuskanci yiwuwar a ɗora musu wani kaso na diyyar waɗanda suka rasu, domin dokar jihar ta yarda a bi mai sashe alhakin ƙungiya gwargwadon kasonsa, matuƙar bai haura darajar sashensa ba. A 2022 aka yi sulhun da ya haura dala biliyan 1, wanda mafi yawansa ya fito daga kamfanonin inshorar ɓangarori daban-daban da aka kai ƙara. An sayar da filin a kan dala miliyan 120, aka ware wa masu sassa dala miliyan 96 don asarar dukiya.

A shekarar 2022 ɗin majalisar Fulorida ta kafa dokar da ta wajabta binciken lafiyar benayen haɗaka masu hawa 3 zuwa sama idan sun kai shekara 30, sa'annan a maimaita duk bayan shekara 10. Ta kuma hana ƙungiyoyi yafe wa kansu tara kuɗin gyaran ginshiƙai da rufi da makamantansu. Abin da wannan al'amari ya nuna shi ne, lafiyar dukiyar mai sashe ta dogara a kan abu uku: inshorarsa, da inshorar ƙungiya, da kuma kulawar da ake yi wa ginin. In ɗaya ya yi rauni, sauran biyun ba sa cike gurbinsa.

8.0 Matakan da Suka Kamaci Mai Sashe

Hausawa kan ce tun ran gini ran zane. Kafin a sayi sashe, ya kamata a nemi kundin kafa ginin, da kwafin babbar inshora, da bayanin asusun ajiya, da rahoton injiniya na baya-bayan nan. Daga babbar inshora za a fitar da abu uku: irinta, da iyakarta, da kason farko. A kuma duba ko kundin ya yarda a ɗora dukkan kason farko a kan wanda ɓarna ta faro daga sashensa, domin akwai gine-ginen da haka tsarinsu yake. Bayan nan sai a lissafa kayan ɗaki, a ɗauki hotonsu, a adana rasit a wani wuri da ba cikin ginin ba. A riƙa sake duba inshorar duk shekara, musamman idan an yi gyara ko ƙungiya ta sauya kamfani. Daga ƙarshe, a riƙa halartar taron ƙungiya, domin a can ake yanke shawarar yawan inshorar gini da lokacin gyara. Kuɗin wata-wata mai araha ba kullum yake zama alheri ba. Wani lokaci alama ce ta gyaran da aka ɗage.

9.0 Alaƙar Batun da Nijeriya

A Legas da Abuja ana sayar da sassa ɗai-ɗai a cikin dogayen benaye, masu su kuma suna biyan kuɗin hidima ga masu kula da ginin. Saboda haka tambayar da aka faro da ita tana nan a kansu. Dokar Inshora ta 2003 ta wajabta inshorar ginin da ya haura hawa biyu yayin da ake gina shi, da ta gine-ginen da jama'a ke amfani da su, ciki har da waɗanda 'yan haya ke zaune. A 2025 aka sa hannu a kan sabuwar dokar da ta maye gurbinta. Ga waɗanda suke da ƙyamar inshorar da aka saba saboda dalilan addini, hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, tsarin da aka gina a kan taimakon juna. Ko wane tsari aka bi, mai sayen sashe yana da haƙƙin ya tambaya ko an yi wa ginin inshora, da sunan wa aka yi, kuma a ina ta tsaya.

10.0 Kammalawa

An ga cewa mai sashe a benen haɗaka yana da mallaka iri biyu, don haka asararsa ma ta fuska biyu take zuwa. Babbar inshora tana kare gangar jikin gini da wuraren tarayya. Inshorar mai sashe tana kare cikin sashe, da kayan ɗaki, da alhakin cutar da wani, da zaman wucin gadi, da karo-karon asara. Ambaliya da girgizar ƙasa sai an saya musu inshora daban, tsufan gini kuwa asusun ajiya ne kaɗai maganinsa. A misalin bututun hawa na biyar, ƙungiya za ta gyara lif, kowane mai sashe zai nemi diyyar cikin sashensa da kayansa daga kamfaninsa, idan kuma an tabbatar da sakaci, ɓangaren alhakin cutarwa na mai sakacin ne zai biya. Wanda ba shi da inshorar kansa a cikinsu, daga aljihunsa zai biya.

Tambayoyin Bita

1. Mene ne benen haɗaka, kuma ta ina ya yi kama da gidan gado, ta ina suka bambanta?
2. A kawo ire-iren babbar inshora guda uku tare da bayanin inda kowace ta tsaya.
3. Bene mai sassa 40 masu kaso daidai yana da inshorar dala miliyan 16, kason farko kuma kashi 3 cikin ɗari. Nawa kowane mai sashe zai kawo idan asusun ajiya babu komai?
4. Me ya sa inshora ba ta biyan karo-karon gyaran tsohon gini? A kafa hujja da abin da ya faru a Surfside.
5. A tsara darasin minti arba'in da za a koya wa ɗaliban babbar sakandare ma'anar inshora ta amfani da misalin gidan gado.